Kwana Biyu a Kano Tsakanin Laftof da Tab

Talata: daga gida zuwa Bagwai

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka fito daga gida. Maigidana ya dawo daga masallaci ya tayar da babur, ya ɗaure jakata a baya da roba. Sunana Saude, malamar firamare ce ni a wani ƙauye da ke gefen madatsar ruwan Watari, shekarata goma sha tara ina koyar da 'yan aji uku. Abin da ya fito da ni cikin wannan duhu wata takarda ce da ta zo makarantarmu ana gobe hutu, ta ce jarabawar ƙarin girma a kwamfuta za a yi ta, nan da sati shida. Ni kuwa ban taɓa ɗora hannu a kan kwamfuta ba. Na sha zana wa yara ita a allo, in rubuta sunayen sassanta daga littafi, amma a nan sanina ya tsaya. Sau biyu waɗanda na riga shiga aiki suna wuce ni, na ce wannan karon ba zan zauna ba.

Maigida ya sayar da albasar rani, ya ware naira dubu ɗari biyu da hamsin da ya yi niyyar sayen taki da sabon tiyon injin ban-ruwa, ya ce in je Kano in sayo abin da zan koya da shi. A jakata akwai katin banki da wata 'yar takarda da abokin aikina Malam Nura ya rubuta mini: "Laftof. Ram takwas. Kada ki yarda da ƙasa da haka." Laftof dai na san ita ce kwamfutar da ake ninkewa. Ram kuwa, iyakar sanina da turanci rago ne, kuma kunya ta hana ni tambaya.

Kilomita bakwai ne daga gidanmu zuwa Bagwai. An gama yankan alkama, sai warin albasa daga rumfuna da ƙarar injinan da masu sammako suka tayar a bakin ruwa. Muka isa tasha shida saura kwata.

"Ki riƙe katin nan da kyau," in ji maigida. "In kin rasa yadda za ki yi, ki kira ni."

"To in na kira, me za ka ce mini, Malam?"

Ya yi dariya. "Sai in ce ki yi addu'a."

Bagwai zuwa Bichi, Bichi zuwa Kano

Motar ba ta cika ba sai shida da minti ashirin, mutum huɗu a baya, biyu a gaba, naira ɗari takwas kowa. Gari ya waye muna hanya. Ko'ina gonaki ne an share su, an jera tsibin taki ana jiran damina, gida kusa da gida, ɗorawa da mangwaro a tsakani. Bakwai daidai muka sauka a Bichi. Na sayi koko da ƙosai na ɗari uku na ci a tsaye, na shiga bas ta Kano, dubu ɗaya da ɗari biyar.

Kusa da ni wata budurwa ce mai farin hijabi, ta ce ɗalibar makarantar koyon aikin jinya ce. Tun da muka tashi take karatu a wani abu mai kama da waya amma faɗinsa ya kai littafin rubutu. Da muka wuce wasu ƙauyuka biyu na kasa haƙuri.

"'Yata, wannan ita ce laftof?"

"A'a, Mama, tab ce. Laftof nauyi gare ta, ga cin wuta. Wannan in na yi mata caji sau ɗaya sai ta kwana biyu. Ana sa mata layi kamar waya, duk littattafaina suna ciki."

Na nuna mata takardar Malam Nura. Ta karanta ta tambaye ni ko akwai wuta a garinmu. Na ce wayar wuta dai tana nan a rataye a kan turaku, amma rabonmu da ganin ƙwan lantarki ya kama tun kafin azumi. 'Yar sola muke da ita mai cajin waya da fitila biyu.

"To Mama, da me za ki yi cajin laftof ɗin?"

Na ninke takardar na mayar jaka. Na fito gida da abu ɗaya a kaina, ga shi ko Dawanau ba mu kai ba ya zama biyu.

A shingen jami'an tsaro kafin Dawanau aka tsayar da mu minti biyar, aka duba takardun direba. Daga nan sai cunkoson manyan motocin hatsi, muka yi minti ashirin da biyar muna rarrafe. Budurwar ta sauka a Kurna ban ko tambayi sunanta ba. Tara saura minti ashirin muka shiga tashar Ƙofar Ruwa, na tarar da ƙanena Habu yana jira. Tela ne a Rijiyar Lemo, ya rufe shago ranar saboda ni.

"Yaya, kin rame."

"Kwamfuta ce ta ramar da ni tun kafin in gan ta."

Titin Beirut

Adaidaita sahu ta kai mu Titin Beirut a kan ɗari shida, muka sauka tara da rabi ana bubbuɗe shaguna. Mun shiga shago huɗu, amma na ukun ne ya tsaya mini a rai. Mai shagon wani dattijo ne mai furfura a gemu. Ya karɓi takardata ya yi murmushi.

"Hajiya, nawa kika zo da shi?"

Habu ya taɓa ni kada in faɗa, amma bakina ya riga shi.

"To, sabuwa mai ram takwas daga dubu ɗari huɗu take farawa."

Na nemi kujera na zauna. Ya shiga ciki ya fito da guda biyu ya ajiye a kan kanta. Ta farko ruwan azurfa, siririya kamar faifai, sabuwa a kwalinta, na ɗaga ta da hannu ɗaya. Ram ɗinta huɗu, kuɗinta dubu ɗari biyu da sittin da biyar. Ta biyun baƙa ce mai kauri, ta hannu, an yi aiki da ita a ƙasar waje, gefenta duk ya goge. Ram ɗinta takwas, kuɗinta ɗari biyu da goma.

Na ga dai in na ci gaba da kunya zan kashe kuɗin albasa a kan abin da ban sani ba. Na ce, "Alhaji, don Allah mene ne ram ɗin nan?"

"Aikin me kike yi?"

"Koyarwa."

"Yawwa. Kin ga teburinki na aji? Ram shi ne faɗin teburin. In yana da faɗi sai ki baza littafi biyar ki yi aiki da su lokaci guda. Memori kuma shi ne kabad ɗin da kike ajiye littattafan."

Na ji daɗin wannan bayani, har na ɗauka na fita daga ruɗani. Na ce to a ba ni baƙar, tunda teburinta ya fi faɗi kuma ta fi sauƙin kuɗi. Sai ya ce in tsaya, batirinta ya tsufa, in ta yi ƙoƙari awa ɗaya da rabi take yi. Sabon batir wani kuɗi ne, kuma ba ya iya rantse mini a kan ingancinsa. Na ce to a ba ni siririyar. Ya ce ita tana yin awa biyar zuwa shida, ba ta da fanka, ba ta ƙara. Sai dai teburinta ƙarami ne kuma an kafe shi, ba a iya ƙara mata ram har abada. Kabad ɗinta ma ƙarami ne. Jikinta kuma roba ce aka fesa wa launin ƙarfe.

"To wacce ce mai kyan?" na tambaya.

"Duk masu kyau ne, Hajiya. Gwada ki gani."

Ya kunna siririyar ya juyo mini da ita, ya ce in shafa wani ɗan fili da ke ƙasan haruffa. Na shafa. Wata 'yar kibiya ta ruga gefe ta ɓace. Na sake shafawa, ta bayyana a sama, wani abu ya buɗe da kansa, wani ya rufe. Masu sayayya biyu suka juyo suna kallona. Zufa ta karyo mini har cikin hijabi. Ni da nake tsayar da yara sittin da kallo ɗaya, ga kibiyar da ba ta kai ƙwayar wake ba ta ƙi jin maganata. Na janye hannuna na ce za mu zagaya mu dawo.

Kasuwar waya ta Fam Santa

Muka ci shinkafa da wake da mai da yaji a wata rumfa, dubu ɗaya da ɗari biyu kwano, muka yi azahar. Habu ya ce tunda an zo, a je a ga tab ɗin ma. Ƙarfe biyu da rabi muka sauka a Fam Santa, rana kamar za ta fasa kai, mutane kafaɗa da kafaɗa, kowa yana miƙo maka waya.

Wanda muka tsaya a wurinsa saurayi ne mai saurin baki. Ya ciro tab daga gilashi ya sa mini a hannu ba tare da ya tambaye ni ba.

"Anti, taɓa kawai. Duk abin da kika taɓa shi zai buɗe."

Na taɓa, ya buɗe. Na ja da yatsa, shafi ya bi yatsana. Ya fito mini da farin fili ya ce in yi rubutu, na rubuta Saude da ɗan yatsa kamar a allo, ya fito da irin rubutuna sak, har da yadda nake lanƙwasa harafin farko. Tun da na baro gida sai a lokacin na ji numfashina ya daidaita. Kuɗinta dubu ɗari da hamsin. Tana ɗaukar layi. Cajar waya take amfani da ita, 'yar solarmu ma za ta iya da ita.

"Ram ɗinta nawa?" na tambaya, ina jin kaina kamar wadda ta san kan abin.

"Takwas."

Na juya na kalli Habu, na ce shi ke nan, Allah ya kawo mu. Ga sauƙin kuɗi, ga batir, ga ram ɗin Malam Nura. Habu ya ɗauki kwalin yana jujjuyawa, sai ya ce, "To nan ai huɗu da alamar tarawa da huɗu aka rubuta."

"E, huɗu nata ne, huɗu kuma tana arowa daga memori," in ji saurayin. "Duk ɗaya ne."

Na tsaya ina lissafi da bayanin Alhaji. Wato teburin ƙarami ne, sai a ɓalle ƙofar kabad a jingina a gefe a ce ya zama babba? Na tambaye shi haka, ya yi dariya ya ce bai gane ba. Ni ma ban tabbata na gane ba.

Na ce jarabawa zan yi, ina haruffan da ake dannawa? Ya ce suna fitowa a jikin gilashin, in kuma ina son na dannawa akwai riga mai haɗe da kibod, dubu ashirin da biyar. Ya kawo. Haruffan ƙanana ne, yatsana ɗaya yana danna biyu. Na tambaya in ta faɗi fa? Ya ce shi ya sa ake sayen rigar, don in gilashin ya fashe gyaransa ya kusa rabin kuɗinta. Na tuna yaranmu huɗu da tsakar gidanmu ta siminti.

Duk da haka ban so ajiye ta ba. Sai da Habu ya ce la'asar ta yi sannan na miƙa masa abarsa.

Masauki a Rijiyar Lemo

Biyar da rabi muka isa gidan Habu. Matarsa ta yi mana tuwon shinkafa da miyar taushe, muka zauna a tabarma bayan magariba. Habu ya fito da ra'ayinsa fili.

"Yaya, ki ɗauki tab. Na ga fuskarki da kika riƙe ta. Kuma kuɗi za su ragu, ki mayar wa Malam ya sayi ko da rabin takin ne. Waccan kuwa ko kibiyarta kin kasa kamawa."

Maganarsa ta ƙarshe ta yi mini zafi, don gaskiya ce. Na kira Malam Nura, ya ce kada in kuskura, tab kayan kallon yara ce. Na ce masa kuɗina ba su kai ram takwas sabuwa ba, ya ce to in ɗauki ta hannu. Na ce batir fa? Sai ya ce shi a gidan surukansa a Bichi yake yin caji. Sai a lokacin na gane shi ma tasa laftof ɗin a rufe take kwana biyar a sati.

Na kira maigida. Layin yana yankewa, sai da na kira sau uku. Na zayyana masa siririya da baƙa da tab, da tebur da kabad, har na ji ni kaina na rikice a tsakiya.

"Malama," ya ce, "ni ban san ko ɗaya a cikinsu ba. Amma ban aike ki ki yi mini ragi ba. Maganar taki ki bar mini ita."

"To wacce zan saya?"

"Ai na faɗa miki abin da zan ce tun a tasha."

Kafin a yi isha Habu ya tuna da maƙwabcinsa Malam Bukar, mai gyaran kwamfuta a Titin Beirut. Ya ce shi ba ya sayarwa, gyara kawai yake yi, don haka ba shi da abin da zai tallata mini.

Laraba: wurin mai gyara

Tara da kwata muka same shi a wani lungu bayan shagunan, a ɗaki ɗan ƙarami cike da kwamfutoci a buɗe kamar an feɗe su. Iyayensa daga Barno suka zo tun yana goye, Hausarsa ta Kano ce tsaf. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba, sannan ya tambaye ni abin da duk jiya babu wanda ya tambaya.

"Malama, kin taɓa ganin ɗakin da ake yin jarabawar?"

Na ce a'a.

"To zo ki gani."

Ya zaunar da ni gaban wata tsohuwar kwamfutar tebur mai babban kibod. A gefe akwai wani abu kamar rabin mangwaro da igiya. Ya ce sunansa maus, na ce a littafinmu linzami muke ce masa. Ya ce irin wannan zan tarar a can, ba abin shafawa ba, ba gilashin taɓawa ba. Ya buɗe mini tambayoyin gwaji guda ashirin, ya ce minti goma sha biyar.

Tambaya ta farko a kan tsara darasi ce, abin da nake yi kowace Lahadi da yamma shekara goma sha tara. Na san amsar tun kafin in gama karantawa. Amma in kai kibiya kan amsar, nan aiki yake. In na tura linzamin ya wuce, in na dawo da shi ya sake wucewa, in na danna sai hannuna ya motsa ya zaɓi ta ƙasa. Ba da sanina ba na miƙa yatsa na taɓa gilashin kamar yadda na yi jiya a Fam Santa. Babu abin da ya motsa. Agogo yana ta ci a kusurwa. Da lokaci ya cika, tambaya huɗu na amsa, ɗaya ma ba abin da na nufa ba ne.

Na zauna ina kallon gilashin, idona ya cika. Habu ya fita waje kamar an kira shi. Malam Bukar ya ci gaba da kwance wata ƙusa bai kalle ni ba, sai da na share fuska sannan ya yi magana.

"Sauran sha shidan kin san su?"

"Na san sha huɗu."

"To kanki ba shi da matsala, hannu ne. Da a Kano kike da na ce kada ki sayi komai, ki riƙa zuwa nan kullum awa ɗaya."

Na ce tsakanina da nan ya fi kilomita sittin. Na tambaye shi ko ba a iya haɗa wa tab linzami. Ya ce ana iyawa, wasu suna karɓa lafiya, wasu suna wasa, amma abin da zan riƙa gani a fuskarta ba irin na ɗakin jarabawa ba ne, kuma hannuna zai riƙa gudu yana komawa gilashi tunda can ya fi sauƙi. Na ce to baƙar fa? Ya ce da muna da wuta ita zai zaɓa mini ido rufe, ta fi ƙarfi kuma komai nata ana canzawa. Na ce siririyar? Ya nuna mini wasu guda uku irinta a kan kanta, duk a wurin maɗaurin murfi suka karye.

"Malam, ka ga ka ƙara rikita ni. Kowacce ka yabe ta ka kushe ta."

"Haka suke. A kuɗin nan kowacce kika ɗauka akwai ranar da za ki ce da ɗayar kika saya. Ni dai abin da na gani, sati shida gare ki, kuma linzami ne ya kayar da ke yanzu."

Na tambaye shi caji. Ya ce akwai mai cajin waya da janareto a garinmu? Na ce akwai, a bakin kasuwa. Ya ce to siririyar in ta cika za ta ba ni awa biyar, in ina yin awa biyu kullum, sau uku a sati zan kai ta.

Na miƙe tsaye. Zuciyata tana Fam Santa wurin abin da ya karɓi rubutuna ba gardama. Amma na ce a je wurin Alhaji a ɗauki siririyar.

Malam Bukar ya rufe ɗakinsa ya raka mu. Ya buɗe kwalin da kansa, ya danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya, ya duba batir, ya sa caja ya cire. Aka yi ciniki, Alhaji ya sauko ɗari biyu da talatin da biyar. Na sayi linzami mai igiya na dubu huɗu da jaka mai soso. Da na miƙa katin na manta lambar sirri, sai a karo na biyu ta shiga. Muka koma lungu, ya zuba mini tambayoyin gwaji waɗanda ba sa bukatar data, ya nuna mini kunnawa da kashewa sau uku, na rubuta a bayan takardar Malam Nura. Ya ce in riƙa buɗe murfin daga tsakiya, kada in buɗe abu fiye da biyu a lokaci guda, kada in bar ta a rana. Na tambayi kuɗin aikinsa, ya ce in na ci jarabawa in aiko masa da albasa.

Komawa

Biyu da minti goma bas ta tashi daga Ƙofar Ruwa. Yaron mota ya ce in kawo jakar a sa a baya, na ce ko za a sauke ni ba zan ba da ita ba. Na rungume ta a cinya har Bichi. Duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar maɗaurin ne ya karye. Wani mutum a kujerar gaba ya fito da tab yana nuna wa maƙwabcinsa hotunan gonarsa, na kawar da kai, na sake juyowa, na yi ta tambayar kaina ko na yi wauta. Huɗu saura kwata muka sauka Bichi, na yi la'asar a tasha, biyar saura minti goma ina Bagwai. Maigida yana nan a inda ya bar ni, ƙafarsa duk taɓon fadama. Biyar da kwata muka shiga gida.

Jarabawar dai daga baya na yi ta, na amsa tambayoyin duka da sauran minti huɗu, kuma Allah ya ba ni sa'a. Ko na zaɓi daidai a kasuwa, wannan har yau ban sani ba, musamman ranar da mai janareto bai buɗe ba. Amma abin da ya fi zauna mini a rai shi ne yammacin da na dawo.

Labari ya riga ni isa. Na tarar da surukata Inna a tsakar gida da matan maƙwabta uku da yaranmu. Aka shimfiɗa tabarma, na buɗe murfin daga tsakiya kamar yadda aka ce, na kunna. Inna ta leƙo ta ce, "Wannan faifan ne ya cinye albasar?" Aka yi dariya. Maigida ya wanke ƙafa ya zo ya tsuguna a gefena. Shi allo ya yi, bai yi boko ba.

"Tana rubutu?" ya tambaya.

"Tana yi."

"To rubuta sunana."

Na yi ta laluben haruffa da yatsa ɗaya, don ba a jere suke yadda nake koya wa yara ba. Harafin farko na sunansa mai ƙugiya ne, na neme shi sama da ƙasa babu, na sa ɗan'uwansa mara ƙugiya. Haruffa shida sai da suka ci mini kusan minti uku. Da na gama ya matso ya daɗe yana kallon baƙaƙen a farin gilashi, ya kai yatsa kusa bai taɓa ba.

"Wannan ni ne?"

"Kai ne."

"To karanta mana mu ji ko daidai ta rubuta."

Na buɗe baki, sai na rufe. Shekara ashirin da biyu muna tare ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba, balle a gaban mahaifiyarsa. Inna ce ta fara ganewa, ta kama baki tana dariya har da hawaye, matan suka ɗauka. Shi kuwa ya yi kamar bai san abin da ya yi ba, yana ta kallon gilashi, gefen bakinsa yana motsi.

Na ja hijabi na rufe rabin fuskata na ce, "Daidai ne, Malam."

Alhamdu lillahi da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Allah ya saka wa Habu da iyalinsa, da Malam Bukar, da 'yar nan ta cikin bas, da duk wanda ya yi haƙuri da tambayoyina a kwana biyun nan.